A zaɓen fidda gwani ake yanke makomar makarantar firamare

A watan Mayun 2022, lokacin da jam'iyyu ke tsayar da 'yan takarar gwamna, masu rajistar zaɓe a jihar Kano sun haura miliyan 5. Amma waɗanda aka ba ikon tsayar da ɗan takarar APC, jam'iyyar da ke mulkin jihar a lokacin, ba su cika mutum 2,500 ba, wato daliget biyar-biyar daga mazaɓu 484. Mataimakin gwamna na lokacin, Nasiru Yusuf Gawuna, ya samu ƙuri'a sama da 2,000, abokin karawarsa Sha'aban Sharaɗa ya tashi da 'yan ƙalilan. A NNPP, wadda daga baya ta lashe babban zaɓen, tun kafin ranar kowa ya san Abba Kabir Yusuf ne zai riƙe tuta. Girman Kano ne ya sa na fara da ita, amma haka abin ya kasance a galibin jihohi: sakamakon da aka karanta da dare an riga an shirya shi a falon wani babba makonni kafin nan. Mun saba kallon wannan a matsayin rigimar cikin gida ta 'yan siyasa, wadda ba ta shafi wanda ba ɗan jam'iyya ba. Ra'ayina shi ne ta shafe shi fiye da babban zaɓe. A wannan daren ne ake yanke ko ajin da iska ta yaye wa kwano a wani ƙauye zai samu rufi kafin damina, ko kuwa yara za su ci gaba da zama a gindin bishiya, domin a nan ne ake tantance wanda shugaban gobe zai ji cewa yana bin sa bashi.

Kafin a ga alaƙar, sai an san hannun da kuɗin makarantar firamare ke bi. Tsarin mulkin 1999 ya sa ƙaramar hukuma cikin masu ɗaukar nauyin ilimin firamare, kuma a aikace daga kason ƙananan hukumomi ake cire albashin malamai a yawancin jihohi. Hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wadda ake kira SUBEB, ita ke riƙe da ragamar gudanarwa da bayar da ayyukan gine-gine, kuma gwamna ne ke naɗa shugabanta. A ƙasa akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi ma naɗi ne, kuma kowa ya san yadda siyasa ke shiga wannan naɗi. Daga Abuja kuma, dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, don tallafa wa jihohi su ba kowane yaro karatun shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Muhimmin sharaɗin karɓar babban ɓangaren tallafin shi ne jiha ta ajiye nata kason daidai da wanda za a ba ta. Duk wanda ya duba wannan tsari zai ga cewa babu wani mataki a cikinsa da ke hannun malami ko iyaye. Kowace ƙofa gwamna ke riƙe da makullinta, ko ɗan majalisar jiha da ke amincewa da kasafi, ko ciyaman. Su ukun kuma ta ƙofar zaɓen fidda gwani suka shigo.

Shi ya sa labarin kuɗin da ke kwance a UBEC ya fi kowane labari bayyana halin da ake ciki. Shekara da shekaru shugabannin hukumar suna kokawa cewa jihohi ba sa zuwa karɓar rabonsu, kuma a ƙarshen 2024 abin da ya taru ba a karɓa ba ya haura naira biliyan 100. Wannan kuɗi ne da ba bashi ba ne, ba ruwa a kansa, babban abin da ake nema shi ne jiha ta saka nata rabin. A daidai wannan lokacin alƙaluman da UNICEF ta daɗe tana bayarwa na yaran da ba sa zuwa makaranta a Najeriya miliyan 10.5 ne, UNESCO kuma a 2022 ta kai ƙiyasinta kusan miliyan 20, mafi yawansu a Arewa. Gwamnan da ya bar irin wannan kuɗi a ajiye ba mantawa ya yi ba. Ya auna ne ya ga babu wanda zai hana shi tikitin tazarce saboda haka. Da a ce rashin biyan kason UBEC na iya sa daliget su juya masa baya kamar yadda rashin raba muƙamai ke yi, da tuni an biya kafin a tambaya.

Mu duba yadda ɗan takara ke samun tikiti, za mu ga inda bashin yake taruwa. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar gwamna naira miliyan 50, na sanata miliyan 20, na ɗan majalisar wakilai miliyan 10, na majalisar jiha miliyan 2. PDP ta sayar da na gwamna miliyan 21. Wannan kuɗin shiga fili ne kawai, ba a zo maganar sallamar daliget ba, da masauki, da motoci, da 'yan rakiya. Malamin firamare da ya yi shekara 35 yana aiki ya yi ritaya, wanda ya san makarantun yankinsa ɗaya bayan ɗaya, ba shi da hanyar tsayawa sai in wani ya saya masa fom, wanda ya saya kuma shi ne uban gida. Wanda ya ci zaɓe ta wannan hanya yakan shiga ofis da jerin mutanen da zai saka wa, kuma hanyar sakayya mafi sauƙi ita ce kwangila. A nan ne dalilin da ya sa ko da an kashe kuɗi a ilimi, gini ake so: katanga, fenti, sabon bulo na ajujuwa da za a yanke ƙyalle a buɗe. Ba na ƙin gini, yaro ba ya karatu a ƙarƙashin ruwan sama. Sai dai abin da ke sa yaro ya iya karatu shi ne malamin da ya ƙware, ana biyansa a kan kari, yana da alli da littafi, kuma akwai mai duba ko ya shiga aji. Waɗannan ba su da ɗan kwangila, ba su da kaso, ba a ɗaukar hotonsu, saboda haka babu mai yi musu magana a ɗakin da ake raba kuɗi.

Kujerar da aka fi rainawa, kuma a ganina ta fi kowacce tasiri ga makaranta bayan ta gwamna, ita ce ta ɗan majalisar dokokin jiha. Majalisar ce ke da hurumin duba kasafi layi-layi, ta kira shugaban SUBEB ya yi bayanin ajujuwa nawa aka gina da nawa, ta binciki rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha, ta kuma yi dokar da ke tsara kuɗin ƙananan hukumomi. Amma ɗan majalisar da gwamna ya rubuta sunansa a takarda ya miƙa wa daliget, da wane baki zai tuhumi kwamishinan wannan gwamnan? Ya san tambaya ɗaya mai zafi tana iya cinye masa tikitin gaba. Haka majalisu da dama suka koma 'yan amshin shata, kasafin shekara guda ya shiga ya fita cikin 'yan kwanaki ba tare da an ji muryar kowa a kan makaranta ba.

A ƙananan hukumomi kuwa babban zaɓen ma ya zama cika sharaɗi. A watan Janairun 2021 hukumar zaɓe ta jihar Kano ta bayyana APC a matsayin wadda ta lashe kujerun ciyaman 44 baki ɗaya. A watan Oktoban 2024, bayan mulki ya sauya hannu, NNPP ce ta lashe 44 ɗin, haɗe da kansiloli 484. A wannan watan kuma APC ta kwashe duka 23 na Kaduna da duka 27 na Jigawa. Jama'ar Kano ba su sauya ra'ayi gaba ɗayansu cikin ƙasa da shekara huɗu ba. Abin da alƙaluman ke faɗa shi ne duk wanda jam'iyyar gwamna ta tsayar ya riga ya zama ciyaman, don haka zaɓen gaskiya shi ne na fidda gwani, shi kuma galibi ɗauki-ɗora ne da sunan maslaha. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na tarayya Lateef Fagbemi ya shigar, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Hukuncin ya faranta wa mutane da yawa, ni ma ina ganin daidai ne. Amma ko da kuɗin ya faɗa asusun ƙaramar hukuma ba tare da ya ratsa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ba, wanda zai sa hannu a fitar da shi mutumin gwamna ne, wanda ya san yadda ya hau kujerar. An sauya hanyar da kuɗi ke bi, ba a taɓa hanyar da mutum ke bi ya zama ciyaman ba.

A nan dole a saurari ƙorafin malamai, domin yana da tushe. Ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana cewa kada a bar albashin malaman firamare a hannun ciyamomi, kuma tarihi ne ya koya mata. Gwamnatin Babangida ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1988, ta rushe ta a 1991 ta miƙa makarantun ga ƙananan hukumomi, malamai suka shiga watanni ba albashi, har aka dawo da hukumar a 1993. A 2025 ma, malaman firamare na babban birnin tarayya sun yi yajin aiki fiye da wata uku saboda ƙananan hukumomin Abuja shida ba su aiwatar musu da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba. Abin lura shi ne ciyamomin Abuja INEC ce ke shirya zaɓensu, kuma jam'iyyu daban-daban kan ci kujeru a can. Wani zai ce to ga shi nan, an yi zaɓe mai gasa amma yara sun zauna a gida, ashe matsalar ba ta zaɓe ba ce. Amsata ita ce gasar ta tsaya ne tsakanin jam'iyyu, ba ta shiga cikin jam'iyyun ba. Idan kowace jam'iyya ta kawo wa mai zaɓe mutumin da kuɗi ko uban gida ya tsayar, zaɓinsa tsakanin biyu ne masu bashi iri ɗaya. Tsoron malamai hujja ce ta a killace albashinsu da doka yadda babu mai taɓa shi, kuma hujja ce ta a gyara yadda ake tsayar da ciyaman. Ba hujja ba ce ta a bar komai yadda yake.

Ƙorafi na biyu shi ne wanda gwamnatoci suka fi so: babu kuɗi, yara sun yi yawa, ga matsalar tsaro tana cin kasafi. Akwai gaskiya a ciki. Jihar da 'yan bindiga suka tilasta mata rufe makarantu, kamar yadda aka gani a Zamfara da Katsina da Neja bayan sace ɗaliban Ƙanƙara da Kagara da Jangebe tsakanin Disambar 2020 da Fabrairun 2021, tana ɗauke da nauyin da ba a yi mata tanadinsa ba. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kason da jihohi ke karɓa duk wata ya ƙaru sosai a adadin naira, kuma kowa yana ganin gadojin sama da sababbin gidajen gwamnati. Rashin kuɗi yana iya bayyana dalilin da ya sa ba a yi komai da komai ba, ba ya bayyana dalilin da ya sa gadar sama ta riga bencin yara. Wannan zaɓi ne na mutum. Af, tun da maganar kasafi ta taso, kashi 26 cikin 100 na kasafi ga ilimi da ake yawan jingina wa UNESCO ba shi ne ma'aunin da ƙasashe suka amince da shi a taron Incheon na 2015 ba, can kashi 15 zuwa 20 na kuɗin da gwamnati ke kashewa aka ambata. Kuma ko jiha ta rubuta kashi 30 a takarda, abin tambaya shi ne nawa aka saki daga ciki zuwa ƙarshen shekara, aka kuma kashe a kan me.

Za a kuma ce ai gwamnoni sun sha ɗaukar manyan matakai a kan ilimi ba tare da wani daliget ya matsa musu ba. Haka ne. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa a Kaduna, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su duk da yajin aikin NUT, ta ɗauki wasu. A 2019 Abdullahi Ganduje ya ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a Kano. A watan Yunin 2024 Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, gwamnatinsa kuma ta ware wa fannin kusan kashi 30 na kasafi. Mutane sun rabu a kan kowanne daga cikin waɗannan matakai, kuma ba nan ne wurin yi musu alƙalanci ba. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne duk daga sama suka sauko, bisa ra'ayin mutum ɗaya. Ai ko buƙatar ayyana dokar ta-ɓaci shekara biyar bayan shelar ilimi kyauta a jiha ɗaya ta isa nuna cewa shela ba ta da saiwa. Yaron da ya shiga aji ɗaya yana buƙatar shekara tara kafin ya kammala matakin farko, wato fiye da wa'adi biyu na gwamna. Ba zai yiwu karatunsa ya dogara ga sa'ar samun shugaba mai sha'awar ilimi ba. Abin da ke ɗorewa shi ne abin da kowane ɗan takara, ko wane ne shi, ya san ba zai samu tikiti ba sai ya yi alƙawarinsa, ba zai sake samu ba sai ya cika.

To, ko 'yar tinƙe ce maganin? Masu goyon bayanta suna cewa idan duk ɗan jam'iyya zai fito ya zaɓa, ba mai iya sayen dubban ɗaruruwan mutane yadda ake sayen daliget dubu biyu. Majalisar tarayya ta so tilasta ta a 2021, Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a watan Disamba na shekarar, dokar da ya sa wa hannu a Fabrairun 2022 kuma ta bar wa jam'iyyu zaɓi uku: 'yar tinƙe, daliget, ko maslaha. Ina tare da 'yar tinƙe, amma ba da ido rufe ba. A 2018 APC ta yi amfani da ita wajen tsayar da Buhari, wanda ba shi da abokin karawa, aka bayyana ƙuri'a kusan miliyan 15, kusan miliyan 3 daga Kano kaɗai. Inda babu rajistar 'yan jam'iyya da kowa zai iya dubawa, 'yar tinƙe takan zama rubuta adadi a takarda. Ita ma maslaha ba laifi ba ce a al'adarmu, dattawa sun daɗe suna kashe wuta da ita, amma maslahar da aka ƙulla tsakanin mutum biyar aka sanar da sauran ba sulhu ba ce. Don haka gyaran doka shi kaɗai ba ya isa. Sai an samu mutanen da za su tsaya a mazaɓa ranar da ake ƙirga, su san adadinsu, su ƙi yarda a rubuta abin da ba a yi ba.

Ƙorafin da ya fi yi mini ciwo shi ne na masu cewa talakan Arewa bai damu da boko ba, taliya da sabulu sun ishe shi. Wanda ya faɗi haka bai duba unguwarsa ba. Makarantun Islamiyya da ke kowane lungu jama'a ne suka gina su da karo-karo, su ke biyan malamai, su ke bibiyar ko yaro ya je. Ɗan acaɓa da mai sayar da kayan miya suna ƙuntata wa kansu su kai yaro makarantar kuɗi mai ɗaki uku, saboda sun yanke ƙauna daga ta gwamnati. Wannan ba halin wanda bai damu ba ne, halin wanda ya ga ƙorafinsa ba ya isa ko'ina ne. Tarihi ma ya nuna makaranta tana iya zama jigon siyasa. Awolowo ya fara ilimin firamare kyauta a Jihar Yamma a 1955, jam'iyyarsa ta UPN kuma da wannan alƙawarin ta yi yaƙin zaɓen 1979. A nan gida, Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano duk daga aji suka fito, kuma gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta ɗauki yaƙi da jahilci a matsayin babban aiki a tsohuwar jihar Kano. Jam'iyyun wancan zamani suna da rassa a ƙauyuka, da mambobi masu biyan kuɗin kati, shi ya sa shugabanninsu ke jin nauyin na ƙasa.

Abin da ya rage mana shi ne mu koma inda aka bar mana fili muka ƙi shiga, wato mazaɓa. Shugabannin jam'iyya na mazaɓa da daliget ba daga sama suke faɗowa ba, 'yan unguwa ne, 'ya'yan mafi yawansu a makarantar gwamnati suke, kuma sau da yawa ana naɗa su ne saboda ba wanda ya zo taron. Kwamitocin kula da makarantu da ake kira SBMC, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, da tsofaffin ɗalibai, da malaman da suka yi ritaya, da limamai da masu unguwanni, sun fi kowa sanin azuzuwa nawa ne ba rufi, yara nawa ne a gaban malami ɗaya, makarantu nawa ne ba rijiya ba banɗaki, abin da ke korar 'yan mata da zarar sun fara girma. Su rubuta wannan, makaranta bayan makaranta, su kai wa kowane mai neman tikiti a kowace jam'iyya tun kafin a sayar da fom, a gaban jama'a da gidajen rediyo. A tambayi mai neman gwamna ko zai biya kason UBEC a watanni ukun farko na kowace shekara, ya kuma wallafa jerin makarantun da za a yi wa aiki da kuɗin kowanne. A tambayi mai neman majalisar jiha ko zai nemi dokar da za ta killace albashin malamai ta kuma tura kuɗin gudanarwa kai tsaye zuwa asusun kowace makaranta. Mai neman ciyaman ya faɗi malamai nawa zai ɗauka da yadda za a tantance su ba tare da takardar alfarma daga wani babba ba. Waɗanda ke da ikon yankar katin jam'iyya su yanka, kowa a jam'iyyar da ya ga dama, su halarci taron mazaɓa ranar da ake zaɓen shugabanni, da takardar makarantarsu a hannu.